Kyamarar da ke gani da igiyoyin milimita ba tare da ta haska komai ba: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi dawowa a bakin ɗaliban injiniya, ma'aikatan tsaro da masu sha'awar harkar jiragen sama duk lokacin da aka ambaci kyamarar da ke ɗaukar hoto mai motsi da igiyoyin milimita. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu zurfi. A cikin amsoshin, "mai sauraro" na nufin na'urar da ke karɓar abin da ya zo mata kawai, "mai haskawa" kuma wadda ke aika nata igiyoyin ta jira su dawo.

Mene ne igiyoyin milimita tukuna?

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman tasha a gajeren zango ya san ana cewa mita 49 ko mita 31. Wannan adadi tsawon igiyar da ke ɗauke da muryar ne. Idan aka yi ta gajarta igiyar har tsawonta ya koma tsakanin milimita 10 da milimita 1, an shigo zangon da muke magana a kai. Ta fuskar saurin kaɗawa, zangon ya kama daga gigahaz 30 zuwa 300, kuma gigahaz ɗaya kaɗawa biliyan ɗaya ce a sakan. Dangin rediyo ne, dangin hasken da ido ke gani ne, tsawo kawai ya raba su.

Ba yau aka san su ba. Tun a shekarun 1890 masanin kimiyya Jagadish Chandra Bose ya yi gwaje-gwaje a Kalkata ta Indiya da igiyoyin da tsawonsu ya kai milimita 5. Abin da ya ɗauki kusan ƙarni guda shi ne samun kayan lantarkin da za su ji su da kyau, kuma da sauri.

Idan kyamarar ba ta aika komai, to me take gani?

Tana ganin abin da jiki da kaya ke fitarwa da kansu. Duk abin da ke da ɗumi, ko da ƙanƙara ce, yana fitar da igiyoyi saboda motsin ƙwayoyin da ke cikinsa. Jikin mutum ya fi fitarwa a zangon infared, wato hasken ɗumi da ido ba ya gani, wajen maikiromita 9 zuwa 10 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma ɗan abin da ke tsiyayowa a zangon milimita ya isa a auna. A wannan zango kuma lissafin yana da daɗi: ƙarfin siginar yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da zafin abin, shi ya sa masu aikin ke faɗin haske ko duhun kowane ɗigo na hoton da ma'aunin Kelbin, wanda sifirinsa ke daidai da digiri 273 ƙasa da sifirin Salshiyas.

Sai dai zafi kaɗai ba ya yanke hukunci. Kowane abu yana raba abin da ke zuwa daga gare shi gida uku: abin da ya fitar da kansa, abin da ya mayar daga kewayensa kamar madubi, da abin da ya bari ya ratsa shi daga baya. Fatar mutum, saboda ruwan da ke cikinta, ta fi fitarwa. Ƙarfe kusan ba ya fitar da komai, mayarwa kawai yake yi. Busasshen yadi kuwa barin igiyoyi yake su wuce. Wuƙar da ta kwana a jikin mutum har zafinta ya zo ɗaya da na fatarsa, duk da haka za ta fita daban a hoton, domin ita abin da ke kewaye take nunawa, fatar kuma ɗuminta take nunawa.

Yaya hoton yake a kan allo?

Kada a sa ran fuska ko launi. A ce an kafa kyamarar a fili da rana tsaka, mutum ya taho daga nisan mita 10 sanye da jaket, ya ɗaure ɗan farantin ƙarfe a ƙirji. A allo za a ga siffa fara-fara mai laushin gefe, kamar wanda ake hangowa ta gilashin da ya yi gumi. Jaket ɗin babu shi, sai ɗan inuwa a inda ɗinki ya yi kauri. Kafaɗu da saman kai sun ɗan yi duhu, domin suna fuskantar sama suna mayar da sanyinta; a wannan zango sama sanyi gare ta ƙwarai, sanyi kuma duhu yake fitowa a allo. A tsakiyar ƙirji kuwa ga baƙin tabo mai kusurwa huɗu, yana ƙara duhu yana dusashewa yayin da mutumin ke juyawa, gwargwadon ko farantin sama yake kallo ko ƙasa. Hoton duka yana ɗan ɗigo-ɗigo kamar talabijin da eriyarta ta kauce.

Dalilin laushin gefen yana cikin amsar tambaya kan girman kyamara, dalilin ɗigo-ɗigon kuma yana cikin amsar tambaya kan wahalar ɗaukar hoto nan take.

Ai akwai kyamarar zafi ta infared. Me ya rage wa wannan ta yi?

Kyamarar infared tana aiki a maikiromita 8 zuwa 14, hotonta ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma tana shiga aljihu. Amma riga ta isa ta tare ta, hazo mai kauri ma haka. Igiyar gigahaz 94 ta fi ta infared tsawo kusan sau 300, don haka zaren yadi, ƙwayar ƙura da ɗigon ruwan da ke cikin hazo duk sun yi mata ƙanƙanta, ratsa su take yi ta wuce. Inda infared ke iya aiki, babu mai hankalin da zai ɗauko ta milimita. Amfaninta yana farawa ne daga inda waccan ta makance.

Ita ce na'urar da ake shiga a ɗaga hannu a filin jirgi?

A'a, waccan mai haskawa ce. Irin rumfar gilashin nan ta ProVision tana aika igiyoyi marasa ƙarfi tsakanin gigahaz 24 da 30, ta tattara abin da ya dawo, ta gina siffar jikin. Ta kamfanin Rohde & Schwarz mai kama da bango biyu tana aiki tsakanin gigahaz 70 da 80. Hotonsu ya fi na mai sauraro kaifi, amma dole mutum ya tsaya cak a wuri guda, ɗaya bayan ɗaya.

Mai sauraro tana iya kallon mutane daga nesa suna tafiya abinsu. Ba ta buƙatar lasisin watsa sigina, kuma babu na'urar da za ta gane tana wurin, abin da sojoji ke ɗauka da muhimmanci. Tana kuma tsira daga wata matsala ta masu haskawa: ƙarfen da ya karkata yakan jefar da hasken wani gefe ya ɓace daga hoton, wanda ya fuskanci na'urar kuma ya yi ƙyallin da ke rufe abin da ke kusa da shi.

Tana da illa ga lafiya? Mai ciki fa, ko mai na'urar bugun zuciya?

Ba ta da illa, domin babu abin da ke fita daga cikinta zuwa jikin mutum. Tsayawa gabanta daidai yake da tsayawa gaban ma'aunin zafi. Tsoron da mutane ke ji ya samo asali ne daga na'urorin eksire, masu irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, da aka taɓa sakawa a wasu filayen jirgi, waɗanda Tarayyar Turai ta hana amfani da su wajen binciken fasinja a 2011, Amurka kuma ta kwashe nata a 2013. Waɗancan wata fasaha ce daban.

Me ya sa kullum ake jin gigahaz 35, 94, 140 da 220?

Iska ce ta zaɓa, ba injiniyoyi ba. Iskar oksijin tana shanye igiyoyi sosai a wajen gigahaz 60 da 119, tururin ruwa kuma a wajen 22 da 183. A gigahaz 60, tafiyar kilomita ɗaya a ƙasa tana cinye kusan kashi 97 cikin 100 na siginar. Tsakanin waɗannan wuraren akwai sarari inda iska ke sassautawa, su ake kira tagogi, kuma tsakiyarsu ta faɗo wajen 35, 94, 140 da 220.

Zaɓi a tsakaninsu ciniki ne. A 35 igiyar ta kai milimita 8.6, tana ratsa tufafi masu kauri da tamfol cikin sauƙi, amma hoton ba kaifi. A 220 ta koma ƙasa da milimita ɗaya da rabi, hoton ya gyaru, amma yadi da damshin iska sun fara cin rabonsu. Tagar 94, mai milimita 3.2, ta zauna a tsakiya, shi ya sa mafi yawan na'urorin da aka gina don gani daga nesa suka taru a kanta.

Me ya sa ɗaukar hoton nan take ya zama abin faɗa? Ba kowace kyamara ke yin haka ba?

A nan gizo ke saƙa. Siginar da ake nema ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar a cikin kyamarar, mai sauraron zango mai faɗin gigahaz 20, idan ta kalli abu mai zafin Kelbin 300, abin da ke shigo mata bai kai kashi ɗaya cikin biliyan goma na wat ba. Bambancin digiri ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 300 na wannan ɗan abin. Ita kanta risibar tana da tata hayaniyar, wadda sau da yawa ta fi siginar. Maganin hayaniya shi ne a daɗe ana sauraro a ɗauki matsakaici, amma ribar ba ta zuwa da arha: kafin hayaniya ta ragu da rabi, sai an ninka lokacin sauraro sau huɗu.

Ga lissafi a fili. A ce hoton yana da ɗigo 100 a tsaye, 100 a kwance, wato 10,000. A ce hayaniyar risibar ta kai Kelbin 1000, faɗin zangonta gigahaz 20. Idan ta ba kowane ɗigo kashi ɗaya cikin dubu na sakan, za ta iya rarrabe bambancin kusan Kelbin 0.2, wanda ya yi kyau, amma hoto ɗaya zai ci sakan 10. Mai tafiya ya daɗe da wucewa. Idan aka matsa mata ta ba da hoto 25 a sakan, kowane ɗigo zai sami kashi 4 cikin miliyan na sakan, abin da za ta iya rarrabewa ya koma kusan Kelbin 3.5. A fili wannan zai iya wadatarwa, a cikin gini kuwa hoton ya nutse a hayaniya. Idan aka jera risiba 100 suka raba aikin, a dawo kusan Kelbin 0.35 ba tare da an rage sauri ba.

Ke nan duk tarihin wannan fanni tarihin amsa tambaya ɗaya ne: risiba nawa za a iya saye, a jera, a kuma sa su faɗi magana ɗaya? A ganina wanda ya riƙe wannan lissafin ya fi wanda ya haddace sunayen na'urori goma fahimtar fannin, domin da shi zai auna duk wata da'awar da aka kawo masa. Idan aka ce maka kyamara tana ganin rabin digiri, tambayi a hoto nawa a sakan, kuma da ɗigo nawa.

To wace dabara ake bi a samu saurin?

Ta farko ita ce a cika bayan kyamarar da risiba, kowane ɗigo da tasa, kamar yadda kyamarar waya take. Kamfanin TRW na Amurka ya yi haka a ƙarshen shekarun 1990 da risiba 1040 a gigahaz 89, yana samun hoto 17 a sakan, aka kuma gwada ta a jirgin sama. Ta nuna abin zai yiwu, ta kuma nuna tsadarsa. Ta biyu ita ce a ɗauki risiba kaɗan, gomiya ko ɗari, a sa madubi mai juyawa ya riƙa zagaya da kallonsu a kan filin. Masu bincike a Malvern ta Ingila, a cibiyar da ta zama QinetiQ a 2001, tare da Jami'ar Reading, sun yi fice a wannan: faifai ne mai ɗan karkata yana juyawa, kowace risiba tana zana da'ira, da'irorin su haɗu su ba da hoto. Sun kuma naɗe hanyar igiyoyin a cikin akwatin ta hanyar amfani da ragar siraran wayoyi da ke barin igiya ta wuce ko ta mayar da ita, don akwatin ya rage tsawo. Wannan hanya ta madubi mai juyawa ita ta fi yaɗuwa, duk da nauyi da ɓarin motsi da ke tattare da ita.

Ta uku ta kamfanin Trex ce: eriya shimfiɗaɗɗiya wadda kowane yanki na zangon ke shigo mata daga kusurwa daban, sai a rarrabe kusurwoyin da lantarki ba tare da wani abu ya motsa ba, har hoto 30 a sakan. Abin da aka biya shi ne kowane ɗigo yana samun ɗan yanki ne kawai na zangon, hayaniya kuma ta ƙaru.

Ta huɗu aro ce daga masu nazarin taurari, dabarar da ta ba Martin Ryle kyautar Nobel a 1974. A warwatsa ƙananan eriya a kan fili, a gwada siginar kowace da ta kowace, kwamfuta ta haɗa hoton daga sakamakon. Babu madubi, babu kauri, ana iya manna ta a bango ko a jikin jirgi. Amma eriya 100 na nufin gwaji 4950 a lokaci guda, kowane a kan sigina mai faɗin gigahaz da yawa. Masu bincike a Jami'ar Delaware ta Amurka sun zagaye wannan ta ɗora siginar kowace eriya a kan hasken leza, su bar gilashi na yau da kullum ya haɗa hoton. A cikin hanyoyin huɗu, wannan ce na fi sa wa rai, domin nauyinta yana kan lantarki da lissafi, su kuwa kullum araha suke ƙarawa.

Me ya sa kyamarar take da girma haka, hoton kuma dishi-dishi?

Doka ce ta igiyoyi da babu mai tsallake ta: ƙaramin abin da kyamara za ta iya rarrabewa ya dogara da tsawon igiya idan aka raba shi da faɗin bakin kyamarar. A gigahaz 94, baki mai faɗin rabin mita yana rarrabe abu mai kimanin santimita 8 a nisan mita 10. Baki mai mita ɗaya yana rarrabe kimanin mita 4 a nisan kilomita ɗaya, wanda ya isa a ga titin saukar jirgi da motar da ta tsaya a kansa, bai isa a ga mutum ba. Ƙwayar idon mutum ba ta wuce 'yan milimita ba, amma ta fi wannan kaifi sau da yawa, saboda gajartar igiyar haske.

Mafita biyu ce: a faɗaɗa baki ko a gajarta igiya. Shi ya sa masu binciken mutane daga nisan 'yan mita suka haura zuwa gigahaz 250 da sama, inda akwatin ke raguwa har a iya tura shi a kan taya. Manhajar ƙara kaifin hoto tana taimakawa, amma gwargwadon tsabtar siginar ne. Hoton da hayaniya ta cika, idan aka matsa masa sai ya fito da abin da babu shi. Akwai kuma wata wahala a kusa: babban baki yana sa tazarar da hoto ke fita sarai ta zama siririya, mutum ya matso taku biyu ya fita daga saiti.

Me ke cikin risiba ɗaya?

Ƙaramar eriya mai siffar mazurari, sai amfilifaya mai ƙarancin hayaniya da ke ninka siginar sau ɗaruruwa ko dubbai, sai dayod da ke mayar da ita lantarkin da za a iya aunawa. Amfilifayar ita ce zuciyar abin, kuma ita ce mai tsada. Ana yin ta da indiyam fosfaid ko galiyam asenaid, a kan ɗan guntun da bai kai kan ƙusa ba. Fitowar irin waɗannan guntaye a shekarun 1990 ita ta mayar da hoto mai motsi abin da za a iya ginawa.

Wasu sun bi hanyar sanyi. Cibiyar VTT ta Finlan da NIST ta Amurka sun gina na'urorin ji da ƙarfen niyobiyam da ake sanyayawa zuwa 'yan Kelbin kaɗan, Jami'ar Kadif ta Birtaniya kuma ta ɗauko na'urorin da aka ƙera don hangen sararin samaniya, masu aiki ƙasa da Kelbin 1. Jinsu ya fi na sauran nesa, amma sai an haɗa su da injin sanyaya da ke ɗaukar sa'o'i kafin ya kai inda ake so.

Me ya sa ake yawan maganar saiti?

Domin amfilifaya ba ta tsayawa a magana ɗaya. Ƙarfin ninkawarta yana ɗan hawa yana sauka da zafin ɗaki da wucewar lokaci. Idan hayaniyar da siginar suka kai Kelbin 1000, kaucewar kashi ɗaya cikin dubu ta zama digiri ɗaya na ƙarya. A kyamara mai risiba 100, kowace da nata kaucewar, sai hoton ya cika da ratsi-ratsi. Robert Dicke ya kawo maganin tun 1946: risiba ta riƙa waiwayar wani abu da aka san zafinsa sau da yawa a sakan, a riƙa auna bambanci kawai. Kuɗin wannan shi ne rabin lokacin sauraro ya tafi. Kyamarori masu madubi mai juyawa sukan sami sauƙi, domin risiba maƙwabta suna bi ta kan wuri ɗaya, sai a daidaita su da juna.

A ɗakin gwaji abin yana da kyan gani. Ana ɗauko baƙin soso mai tsini-tsini wanda ke shanye igiyoyi, a riƙe shi gaban eriya, a rubuta adadin da ya fito a zafin ɗaki. Sai a tsoma wani a ruwan naitirojin mai Kelbin 77, a ɗago shi yana tururi fari, a kai gaban eriyar da sauri kafin ya ɗumama. Layin da ke kan allo ya faɗi ƙasa tashi ɗaya, ya fara hawowa a hankali. Daga waɗannan maki biyu ake zana ma'aunin duka. Ko tafin hannu aka gitta gaban eriyar, layin zai ɗaga.

Gaskiya ne ta fi aiki a waje fiye da cikin gini?

Gaskiya ne, kuma sama ce dalili. A wannan zango sama sanyi gare ta ƙwarai: ranar da gari ya bushe babu gajimare, idan aka kalli tsakiyarta a gigahaz 94 tana iya sauka ƙasa da Kelbin 100, alhali ƙasa tana wajen 300. Duk ƙarfen da ke mayar da sama zai bambanta da kewayensa da digiri 100 ko 200. Gajimare masu nauyi da damshi suna rage wannan gara­basa, amma ba sa share ta duka.

A cikin gini bango da rufi sun maye gurbin sama. Fata tana wajen digiri 33, ɗaki a ce 22, tazarar 11 ce, kuma ba duka ke isa kyamara ba tunda fata tana mayar da wani kaso na ɗakin, tufafi kuma suna cin nasu. Abin da aka ɓoye zai bambanta da jiki da 'yan digiri kaɗan. Don haka kyamarar cikin gini tana buƙatar jin da ya yi ƙasa da digiri ɗaya sosai, wanda ya mayar da mu ga lissafin da ke amsar tambaya kan ɗaukar hoto nan take. Idan kuma ɗakin ya yi zafi har ya kusa zafin fata, bambancin yana shuɗewa gaba ɗaya. Wannan abu ne da ya kamata duk mai shirin kafa irin na'urar ya auna a wurin da kansa kafin ya sa hannu a takarda.

Me ba ta iya gani?

Ba ta ganin cikin jiki, domin igiyoyin ba sa shiga fata fiye da kimanin milimita ɗaya. Abin da aka haɗiye ya fi ƙarfinta. Ba ta ratsa ƙarfe, ko da siririn ƙyallen alminiyam ne, ba ta ratsa kankare. Jiƙaƙƙen tufafi yana tare ta, fata mai kauri ta jaket ma tana rage mata gani sosai. Ruwan sama mai ƙarfi yana gajarta nisan da take kaiwa, domin ɗigonsa ya kai girman igiyar, saɓanin na hazo.

Ba ta kuma faɗin ko mene ne abin. Tana nuna cewa akwai wani abu a nan mai wannan girma da ya tare ɗumin jiki. Roba ce, takardun kuɗi ne, gari ne a leda, ko waya ce, sai mutum ya duba.

A ina aka yi amfani da ita a zahiri?

A farkon shekarun 2000 an kafa na'urar QinetiQ a Calais ta Faransa, bakin ramin jirgin ƙasa da ke bi ƙarƙashin teku zuwa Ingila, tana leƙa manyan motoci masu rufin tamfol don gano mutanen da suka ɓuya a cikin kaya. A 2018 hukumar jiragen ƙasa ta Los Anjeles ta sanar da sayen na'urorin Thruvision, kamfanin da ya tsiro daga ɗakin binciken Rutherford Appleton na Birtaniya, don duba fasinjoji suna wucewa. A ƙarshen shekarar aka gwada kyamarar Jami'ar Kadif a filin jirgin birnin. Manyan rumbunan ajiyar kaya ma suna amfani da irinta a ƙofar fita.

A harkar jirage, burin shi ne matuƙi ya ga titin sauka ta cikin hazo, ko matuƙin jirgi mai saukar ungulu ya ga ƙasa lokacin da farfelarsa ta tayar da ƙurar da ta rufe komai. An yi gwaje-gwaje masu gamsarwa, amma girman baki da nauyi sun hana ta zama ruwan dare. Ana kuma binciken amfani da ita wajen gano man da ya malala a teku, hango wuta ta cikin hayaƙi, da duba ƙuna ba tare da an kwance bandeji ba. 'Yan uwanta na kusa kuwa sun daɗe a sama: taurarin ɗan'adam na hasashen yanayi suna sauraron duniya a gigahaz 89 da 183 dare da rana.

Ba tsiraici take nunawa ba?

Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya. Hoton mai sauraro, da kaifin 'yan santimita, ba ya fitar da fuska ko sassan jiki dalla-dalla kamar yadda na'urorin eksire suka yi. Amma yana nuna abin da mutum bai so a sani ba: jakar da majinyaci ke ɗaurawa bayan tiyata, gaɓar roba, bandeji. Kuma tunda tana aiki daga nesa ba ƙara ba haske, ana iya duba mutum bai sani ba. A ra'ayina wannan na biyun ya fi na farko nauyi. Ya kamata a sanar da mutane a rubuce a inda aka kafa ta, a bar manhaja ta nuna alama a kan zanen mutum-mutumi maimakon ainihin hoton, kada a adana komai, kuma wanda alama ta faɗa kansa a ba shi damar bayani a keɓe.

Rada ta motoci da sabbin layukan waya ba za su dame ta ba?

Za su iya. Na'urar da aka gina don jin abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan goma na wat ba, ƙaramar fitila ma a wurinta rana ce. Radar da ke gaban sabbin motoci tana aiki tsakanin gigahaz 76 da 81, dab da tagar 94, kuma risiba mai faɗin zango tana iya kwaso ta, hoton ya yi fari fat a gefe guda. Layukan 5G na sama suna wajen gigahaz 24 zuwa 28, abin da ya tayar da hankalin masu hasashen yanayi saboda zangon tururin ruwa na 23.8, har taron Hukumar Sadarwa ta Duniya na 2019 a Sharm el-Sheikh ta Masar ya sa iyaka kan abin da zai riƙa tsiyayowa.

Dokokin hukumar sun keɓe wasu yankuna da aka haramta kowace irin watsawa a cikinsu, ɗaya daga ciki shi ne gigahaz 86 zuwa 92. Wannan na cikin abin da ke jawo masu ƙira zuwa wajen 89. Mai son faɗin gigahaz 20 don rage hayaniya, kamar yadda aka lissafa a baya, dole ya fita daga wannan shinge mai faɗin gigahaz 6, ya sa matattar da za ta toshe zangon motoci, ya kuma koya wa manhajarsa gane ɗigon da sigina daga waje ta gurɓata ta jefar da shi kafin ya isa allo.